Sunan da Na Goya Zuwa Kwatano

Shekarar da ruwa ya ci shinkafar fadama, ya kuma kayar da katangar ajinmu na yaƙi da jahilci a Gwandu har muka koma karatu a gindin dogon yaro, a shekarar ce na je Kwatano na yi gudu. Tun kafin a rufe gadar Gaya ke nan. Daga dawowata zuwa yau babu ranar kasuwar da wani ba zai tare ni ya ce, "Manu, wai da gaske ne ka bar shanunka ka tafi bakin teku tsere?" Na faɗa har na gaji. Malaminmu ya ce tunda yanzu ina haɗa baƙi, in rubuta kowa ya karanta da kansa. Wata uku na yi a kan wannan rubutu, a yi haƙuri da shi.

Ni mutumin Ceberu ne. Kakanninmu makiyaya ne, mu muka zauna muna noma da 'yan shanu kaɗan. Lokacin tafiyar ina da shekara arba'in da bakwai.

Sai da muka shekara goma sha ɗaya da aure kafin Allah ya ba mu haihuwa, mace. Ita ce ta fari, kuma a gidanmu ba a faɗin sunan ɗan fari. Mahaifina har ya rasu bai taɓa kiran yayana da sunansa ba. Ni ma haka na tashi. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". In baƙo ya tambayi sunanta sai in dubi gefe, wani ya faɗa masa.

Tana shekara bakwai cikinta ya kumbura ta gefe ɗaya. Muka yi na gida, sassaƙe da rubutu, ba sauƙi. Sai Sahabi ya zo. Sahabi taubashina ne, ɗan goggona da aka aurar Kalgo gidan masunta, ma'aikacin jinya ne, mai ƙaton ciki da bakin tsiya. Ya taɓa cikin yarinyar, ya daina dariya. Ban taɓa ganin Sahabi ya daina dariya ba sai ranar. Washegari muna babban asibiti a Sakkwato. Suka ce ciwon daji ne a ƙoda. Aka cire ƙodar, aka yi ta ƙarin ruwan magani wata da watanni, gashinta ya zube tas. Maganin ya fi ƙarfin shanuna gaba ɗaya, amma aka ce in kwantar da hankali, wata ƙungiya ta likitoci da iyayen yara ta ɗauki nauyinsa, kuma da gudu suke tara abin da suke saye. Na ce gudu kamar yaya? Ban gane ba, na dai yi godiya.

Wata rana a asibitin wata ma'aikaciya ta zo da takarda ta tambaye ni sunan marar lafiya. Na dubi taga. Sahabi ya faɗa mata. Bayan ta fita, yarinyar ta juyo daga kan gado, kanta fes ba gashi, ta ce, "Baba, kai ka san sunana kuwa?"

Na yi kamar ban ji ba. Amma na ji.

Allah ya ba ta lafiya. Gashi ya dawo, har ya fi na da baƙi. Bayan shekara biyu Sahabi ya zo Ceberu da wayarsa, ya nuna mana hoton gudun nan mai motsi. Mutane rututu a kan titi, maza da mata, tsofaffi da matasa. Duk wanda ya kai ƙarshe sai a miƙa masa lasifika ya faɗi sunan yaron da ya yi gudun dominsa. Ya ce bana a Kwatano za a yi, ana neman iyayen yaran da suka warke, ƙungiya za ta biya mota. Kilomita arba'in da biyu ne, ya kusa daga Gwandu zuwa Birnin Kebbi. Kowane mutum ɗaya da ya gama kafin awa shida, masu hali sun yi alkawarin sayen maganin wani yaron.

"Na so in rubuta sunanka," in ji shi, "sai na tuna Bafillace ba ya gudu sai in an kwance mai saniya."

Na ce, "Rubuta, ɗan masu kifi. Kai da ko kaza ba ka iya kamawa."

Yarinyar tana tsugune tana kallon wayar. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, ni ban son tsaraba. In ka kai, ka faɗi nawa."

Inna, mahaifiyata, tana daga bakin ɗaki tana jan carbi. Ta ce, "A lasifika? Sunan ɗiyar fari, gaban duniya? Wanga zamani dai!"

Kwana biyu ina juya abin a raina, sai na samo dabara. A hoton na lura wasu suna maƙala suna a bayan rigarsu. Na ce to, ai na iya rubutu. In rubuta sunan da hannuna, in goya shi a bayana, in na kai ƙarshe in juya wa mai lasifika baya ya karanta da bakinsa. Yarinya ta ji sunanta, ni kuma ban faɗa ba. Na samo farin ƙyalle. Na gwada biro, ya yi siriri, ba a gani daga nesa. Sai na je makarantar allo ta limaminmu na aro tawada da alƙalamin kara, na zauna bayan gida na zana baƙaƙe bakwai manya manya, baƙi wuluk. Na shanya, na naɗe, na sa a aljihu. Ban nuna wa kowa ba, har Sahabi.

Koyon gudun ma da nasa labari. Tafiya ba ta dame ni ba, na bi shanu tun ina yaro. Amma ranar farko da na fita da sassafe ina gudu ta hanyar Gwandu, ban yi nisa ba na ji ƙafafu a bayana. Na waiga, maza shida da sanduna, ɗaya da adda. "Ina ya bi? Ina ɓarawon?" Na ce babu ɓarawo, motsa jini nake. Wani dattijo da ya fito ba ko hula ya dafa gwiwa yana haki, ya ce, "Manu, gobe in za ka motsa jininka, ka yi sanarwa a masallaci." Haka kuwa aka yi, liman ya sanar.

Ranar tafiya mai ɗakina ta dama mini fura da nono cikin jarka, ta ɗaure bakin da leda tamau. Na biya Kalgo na ɗauki Sahabi, Goggo ta cika mana ƙunshi da soyayyen kifi. Muka bi ta Bunza muka isa Kamba da hantsi.

A kan iyaka ne na fara cin amfanin karatuna. Jami'in ya duba katin rigakafinmu, ya dube ni da malafata, sai ya turo mini abin dangwala yatsa. Na ce a'a, a ba ni biro. Na sunkuya na fara. Ni ba na gaggawa da rubutu, kowane baƙi sai na zaunar da shi. Layi ya taru a bayana, wata mai buhun barkono tana cewa, "Malam, wasiƙa kake rubutawa?" Sahabi ya ce mata, "Yi haƙuri Hajiya, yau ne bikin buɗe hannunsa." Jami'in ya jira har na gama, ya duba, ya ce, "Usman. Ya fita sarai." Sunana na yanka ke nan, Manu laƙabi ne. Daga nan Gaya, sai doguwar gada a kan kogin Kwara, sai Malanbil. Ƙasa biyu na tsallaka kafin azahar, ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba.

A Malanbil muka shiga babbar mota. Na sa jarkar fura a kan akwatin kaya saman kanmu, na manta da ita, don kifin Goggo muke ci. Rana ta buɗe. Mun wuce Kandi kaɗan sai muka ji fus, kamar taya ta fashe. Direba ya taka birki. Ashe fura ce ta yi tsami ta kumbura ta tsinke ledar. Ta zubo a kan wata 'yar kasuwa da ke gabanmu, daga ɗankwali har kafaɗa. Ta miƙe tana faɗa da wani yare, hannu sama, motar kuwa kowa dariya. Na durƙusa a tsakiyar mota ina ba da haƙuri. Tana cikin faɗan wani ɗigo ya gangaro mata gefen baki, ta lasa. Ta bar faɗan. Ta sake lasa. Sai ta miƙo hannu a ba ta jarkar. Abin da ya rage ita da maƙwabciyarta suka shanye, jarkar ma ba ta dawo ba. Da muka tsaya Faraku ta sayo mini soyayyiyar doya da yaji ta dangwara mini a cinya.

Mun shiga Kwatano washegari da safe. Masaukinmu a unguwar Zango ne, gidan Alhaji Garba mai albasa, mutumin Gaya da ya shekara talatin a can. Ɗakin da aka ba mu yana jikin rumbun albasa, har yau in na ji warin albasa sai in tuna garin. Zafinsu ba irin namu ba ne. Namu yana busar da mutum, nasu jiƙa shi yake, kana zaune kana zuba kamar randa sabuwa. 'Yan acaɓansu duk riga ɗorawa suke sawa, kuma mata na tuƙa babur da kansu, da goyo, da kwando a gaba, ba mai kallonsu sai ni. Burodinsu dogo ne kamar sandar kiwo, ɓawonsa yana yanka dasashi. Abincinsu wani farin tuwon masara ne mai tsami da ake naɗewa a ganye, da kifi da barkono. Sahabi ya ci ƙunshi biyar. Ni abarbarsu ce ta kama ni, fara ce a ciki, zaƙi kamar an zuba zuma.

Alhaji ya kai mu bakin teku. Na tsaya na daɗe. Na ɗebo da hannu na ɗanɗana, na tofar. Na ce, "Alhaji, duk wannan ruwa, saniya ɗaya ba za ta iya sha ba?" Ya ce ko akuya. Na ce to Allah ya fi mu sanin abin da ya sa. Ina cikin magana iska ta ɗauke malafata ta jefa a ruwa, muna kallo ta tafi.

Ana gobe gudu aka tara mu aka ba kowa riga da lamba, aka cika mu da taliya, wai ita ke ba da ƙarfi. Na tambaya ko akwai tuwon gero, babu. Aka ba ni wani ɗan wando da bai kai tsakiyar cinya ba, na mayar musu, na ce nawa ya wuce gwiwa kuma shi zan sa. Sahabi kuma ya ja ni kasuwa ya saya mini takalmin gudu sabo, fari da ja. Ya ce, "Ba za ka kunyata Kabi da takalmin robar Fulani ba." Na karɓa, amma na ɗaura na robar a ƙugu da igiya, don ban yarda da baƙo ba a ranar aiki.

Washegari bayan sallar asuba na ba Sahabi ƙyallen a naɗe na ce ya maƙala mini a baya. Ya warware, ya karanta, ya dube ni. Na faɗa masa dabarar. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Wayon Bafillace! To ni da Alhaji muna can ƙarshe, zan ɗauka da waya. Kada ka sa in tsaya awa shida a banza."

Aka busa, muka tashi. Matasa suka wuce kamar an kore su. Ni na kama tafiyata ta bin shanu, ba sauri ba tsayawa.

Matsalata ta farko ruwa ne. Kowane ɗan nisa akwai teburi, ana miƙo kofi. Mutanen nan a guje suke karɓa, su watsa a baki, su jefar da kofin a titi. Ni tun ina yaro ba a sha a tsaye a gidanmu, balle a guje. Sai in karɓa, in koma gefe, in tsuguna, in yi bisimilla, in sha, in nemi wanda ya ba ni in mayar masa da kofinsa in yi godiya. A teburi na uku masu ba da ruwan suna hango ni suka fara tafi. Ban san lokaci nake ci ba.

Ta biyu takalmin Sahabi. Kafin rabin hanya yatsuna sun fara kuka. Na zauna a bakin titi na cire shi, farce ɗaya ya riga ya yi baƙi. Na sa na robata, na ba wata mai sayar da abarba sabon na yi mata alama ta ajiye mini. Ta gyaɗa kai da fara'a. Ina jin ta ɗauka kyauta ce, don ban sake ganin ta ba, kuma ko na gan ta ba zan tambaya ba.

Nan wata mata ta cim mini, ta kai shekara hamsin, gajera, da furfura. A bayan rigarta akwai hoton wani yaro yana dariya. Ta dube ni, ta buga agogon hannunta da yatsa, ta nuna bayanmu. Na waiga, can nesa ga wata mota tana tafe a hankali, tana kwasar waɗanda lokaci ya ƙure musu. Ta yi mini alama in bi ta. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma muka jera. Ta nuna hoton bayanta ta ce, "Kojo." Ta ɗaga yatsa sama, ta nuna sararin samaniya. Na gane nata bai warke ba. Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Ta gyaɗa kai kamar ta ji.

Da muka iso teburi na gaba na nufi gefe zan tsuguna, ta kama hannun rigata. Ta girgiza kai, ta sake nuna motar. Na dubi kofin, na dubi motar. Sai na rage tsawo kawai, na ɗan lanƙwasa gwiwa kamar mai ruku'u, na kurɓa, muka wuce. Na ce Allah ya ga niyyata. Rana ta yi sama, mutanen gari suka fito da bokiti da soso, suna matsa mana ruwa a kai da baya. Wani ma da tiyo ya tsaya. Na ji daɗin ruwan nan ƙwarai, har ina juya musu baya su ƙara.

Kilomita biyar na ƙarshe ban san yadda na yi su ba. Cinyoyina sun zama itace. Motar tana kusa har ina jin ƙarar injinta. Matar nan tana ƙirga wani abu da bakinta, ni kuma ina kiran sunayen shanuna ɗaya bayan ɗaya, in na gama in sake. Sai na ji muryar Sahabi ta fi ta kowa: "Taho, Bafillace! An kwance maka saniya! Taho!" Muka tsallake layin tare da matar, saura minti tara a rufe.

Aka rataya mini wani ƙarfe a wuya. Aka ba matar lasifika, ta ce "Kojo" da ƙarfi, aka yi tafi. Sai mai lasifikar ya zo kaina. Na juya masa baya yadda na shirya, na nuna da babban yatsa. Ya leƙa bayana. Ya yi magana da Faransanci, Alhaji Garba ya fassara: "Ya ce ba komai a nan."

Na ce, "A duba dai."

Sahabi ya zagayo, wayarsa a sama. Ya cire ƙyallen ya miƙo mini. Fari ne, sai ɗan toka-toka kamar an goge tukunya. Ya ce, "Manu, da wace tawada ka rubuta?"

Na ce, "Ta makarantar liman."

"Tawadar allo? Wadda aka yi don a wanke a sha? Kai da ka sha rubutu ya fi randa goma!" Yana dariya har wayar tana rawa. Alhaji ma ya juya kai yana riƙe baki.

Na ce, "To kai faɗa masa."

Sahabi ya daina dariya. Karo na biyu ke nan a rayuwata. Ya ce a hankali, "Na faɗa a Sakkwato. Nan ba ni ta aika ba. Ga waya tana ɗauka."

Lasifikar tana gaban bakina. Matar nan tana tsaye gefena tana haki, tana jira. Na tuna Inna da carbinta, na tuna mahaifina. Sai na tuna kan nan fes a kan matashin asibiti. Na rufe ido na ce, "Balkisu."

Ban san haka lasifika take ba. Sunan ya fita ta manyan akwatuna huɗu, ya bugi gine-gine ya dawo mini. Mai lasifikar ya maimaita, jama'a suka ɗauka, "Balkisu! Balkisu!" da bakinsu da bai iya faɗinsa daidai ba. Matar ta rungumi hannuna da hannu biyu. Ni dai na tsuguna a gefe, aka ba ni ruwa, na sha a zaune yadda ya kamata.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, sai dai Sahabi ne ya riƙa ɗaga ni daga kujera a kowace tasha, yana cewa bai taɓa jinyar tsohon sa ba sai yanzu. A Ceberu aka taru a tsakar gida aka kunna wayar. Yarinyar ta kalla, ta ce a mayar. Aka mayar. Sau goma sha ɗaya, ina ƙirgawa daga bayan zana. Inna ta kalla sau ɗaya, ta ja carbinta, ta ce, "To, ai a ƙasar wasu ne." Daga baya mai ɗakina ta gaya mini Inna ta sa an sake kunna mata bayan na fita. Bayan wata biyu Sahabi ya kawo saƙo daga ƙungiyar cewa an fara wa wani yaro magani da gudun da na yi. Ban san shi ba, ban san garinsu ba. Allah ya ba shi lafiya.

Masu tambaya ko na yi asara a tafiyar, ga abin da na rasa. Jarka ɗaya da furarta. Malafa ɗaya, tana teku. Takalmi sabo, ƙafa biyu. Farce uku, biyu sun fito, ɗaya har yau. Sai kuma "ke yarinya", wadda ta daina aiki a gidana. In na faɗe ta yanzu, Balkisu ko waigowa ba ta yi.